Hutu Ba Sai Da Biza Ba: Yadda Za Ka Sha Iska Da Ɗan Abin Da Ke Aljihunka



Kwanakin baya muna zaune a majalisa bayan sallar isha'i, wani abokinmu ya miƙo waya yana nuna mana hoton wani ɗan ajinmu a Dubai, ya sha baƙin gilashi, bayansa dogayen benaye. Ya ja dogon numfashi ya ce, "Kai, Allah Ya ba mu kuɗi mu ma mu je hutu." Muka ce amin. Sai wani ya tambaye shi, "To kai ka taɓa hawa Dala?" Ya yi shiru. A Kano aka haife shi, ya kusa shekara talatin, kullum yana hango dutsen daga cikin adaidaita sahu, amma bai taɓa taka matakalarsa ba. Aka yi ta dariya. Ni kuwa abin ya tsaya min a rai, domin na san ba shi kaɗai ba ne.

Mun ɗauki kalmar hutu mun rataye ta a wurin da hannunmu ba ya kaiwa. A tunanin yawancinmu, in babu jirgin sama, babu fasfo da biza, babu otal mai wurin ninƙaya, to ba a je hutu ba. Wannan tunani ya raba mu gida biyu. Akwai waɗanda suka haƙura gaba ɗaya, suna jiran ranar da za su yi kuɗi, shekaru na wucewa ba su leƙa ko'ina ba in ban da gidan biki da gidan rasuwa. Akwai kuma waɗanda suka ce ko ana ha-maza ha-mata sai sun nuna su ma sun isa, su ci bashi a manhajar waya, su je Abuja ko Legas kwana uku su cika sitatus da hotuna, su dawo ana kiran 'yan'uwansu ana tona musu asiri kan kuɗin da ba su biya ba. Ra'ayina shi ne duka biyun sun yi asara, kuma akwai hanya a tsakaninsu wadda ɗalibi, ko mai bautar ƙasa, ko yaron shago zai iya bi.

Na san abin da wasu za su ce. "Malam, ana ta kai wa yake ta kaya? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, mutane na fama da abin sawa a baki, kai kana maganar yawon buɗe ido." Gaskiya ne, ban musa ba. Wanda gidansu babu abinci, ko ake binsa kuɗin haya ko na makaranta, wannan rubutu zai jira shi zuwa lokacin da Allah Ya hore. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da yawanmu in muka tattara abin da muke kashewa a wata uku wajen data, gidan kallon ƙwallo, anko da shawarma, zai kai mu Bauchi ya dawo da mu har da canji. Kuɗin yana wucewa ta hannunmu, a tsittsinke yake fita shi ya sa ba ma ganinsa.

Kuma hutu yana da amfanin da ya wuce nishaɗi. Wanda ya shekara yana tashi a ɗaki ɗaya, ya bi layi ɗaya, ya zauna a benci ɗaya da mutane ɗaya, tunaninsa ma sai ya ƙuntata. Hausawa suka ce tafiya mabuɗin ilimi. Yawancin abin da muke faɗa kan mutanen wasu garuruwa ji muka yi, ba mu gani ba. Ka kwana biyu a Jos ka ci abinci da mutanenta, ka ga yadda za ka fara tauna magana kafin ka yi musu kuɗin goro a Facebook.

To ta ina za a fara? A fara da kusa. Mutumin Kano da bai taɓa shiga Gidan Makama ba, ginin da ake danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ya ware Asabar ɗaya. Da safe ya hau Dala ya ga birni shimfiɗe a ƙasansa, ya gangaro marinar Ƙofar Mata wadda aka ce tana nan tun 1498, ya kutsa lungunan Kasuwar Kurmi, ya ƙare da gurasa da tsire. Abin da zai kashe bai kai kuɗin ɗinkin shadda ɗaya ba. In ya ga ya ji daɗi, wani makon sai ya yi sammako ya bi ta Kazaure zuwa Daura ya ga rijiyar Kusugu da muka sha karantawa a firamare, ya dawo gida kafin magariba. Katsina na da hasumiyar Gobarau. Zariya na da ganuwa da tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19. Sakkwato na da Hubbaren Shehu, Argungu na da gidan tarihi na Kanta. Duk waɗannan wurare ne da baƙi ke biyo jirgi daga Turai su zo gani, mu kuma muna wuce su a mota muna danna waya.

Tafiyar yini ɗaya tana da wani alheri: ba ka biyan kuɗin kwana, wanda shi ne ke cinye rabin guzuri. Tana kuma koya maka halin abokan tafiyarka kafin ka yarda ku yi kwana uku tare.

In ana son abin da ya fi haka, ni dai Yankari nake ba mutane shawara, domin na je kuma na ga abin da ake faɗa. Dajin yana jihar Bauchi, an keɓe shi tun 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000. Daga garin Bauchi har zuwa masauki tafiyar kilomita ɗari da ɗoriya ce gaba ɗaya, ana bi ta Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai sauran kusan kilomita 40 a cikin daji kafin a kai sansanin Wikki inda masauki yake. Wannan tazarar ta ƙarshe ita ce mutane ke mantawa da ita. Babu motar haya da ke jiran fasinja a can, saboda haka tun daga Bauchi ake shirya motar da za ta kai ku ta kuma dawo ta ɗauke ku. Ɗakunan kwana hawa-hawa ne, daga na manya har zuwa na kwanan ɗalibai, kowa da daidai ƙarfinsa. Ruwan Wikki kuwa ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina, garau da shi har kana ganin yashin ƙasa. Wallahi daren da muka shiga ruwan nan ana sanyin hunturu, babu wanda ya tuna da Dubai a cikinmu.

Amma fa kada ka tafi da tunanin giwaye na tsaye a bakin hanya suna jiran ka. Dajin na cikin wuraren da suka fi yawan giwayen da suka rage a Najeriya, duk da haka ganinsu sai an dace. Mu dai gwanki da ɓauna da mugun dawa muka gani. Da rani aka fi dacewa, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi kuma suka taru a bakin kogin Gaji neman ruwa. Birai kuwa ba sai ka neme su ba, su za su neme ka. Ni da kaina na ajiye ledar burodi a bakin taga na juya ɗauko shayi, kafin na waiwayo wani gwaggon biri ya yi sama da ita, ya zauna nesa kaɗan yana ci yana kallona. Laifina ne, an gaya mana tun da muka sauka a riƙa rufe ƙofa da taga.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce gaba da komai. Shawarata ita ce kada ka zaɓi wuri sannan ka nemi kuɗinsa. Ka fara sanin abin da za ka iya tarawa ba tare da ka taɓa jari ko haƙƙin wani ba, sannan ka zaɓi wurin da kuɗin zai kai ka. Daidai ruwa daidai tsaki. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce wadda iyayenmu mata suka daɗe da sani, wato adashi. A ce ku shida ne, kowa na zuba N5,000 duk Juma'a. A mako 12 kowa ya tara N60,000, jimla N360,000. In N2,000 kuke iyawa, ku zuba hakan ku ƙara makonni, ko ku rage nisan tafiyar. Kafin a fara zubi, mutum ɗaya ya je tasha da ƙafarsa ya tambayi kuɗin mota, wani ya kira masauki ya ji farashi, domin farashin bara ba shi ne na bana ba, kuma abin da wani ya rubuta a intanet wata shida da suka wuce ya riga ya tsufa.

Daga abin da kuka tara, ku cire kashi ɗaya cikin biyar ku ajiye gefe, ku ɗauka babu shi. A misalin nan N72,000 ke nan. Taya na fashewa, mutum na kwanciya zazzaɓi, mota na lalacewa dole a ƙara kwana. In an dawo lafiya ba a taɓa shi ba, a raba ko a bar shi ya zama tushen tafiya ta gaba. Kuɗin komowa kuma shi ma a ware shi tun daga gida. Abin kunya ne saurayi ya tsaya a tashar garin mutane yana kiran gida a turo masa na mota.

A nan zan faɗi kuskuren da muka yi, don kada ku maimaita. A tafiyarmu ta farko ba mu naɗa ma'aji ba. Wannan ya biya kuɗin mai, wancan ya biya abinci, kowa na cewa "bari kawai, ma yi lissafi." Da muka dawo aka zauna lissafin, sai ga shi kowa na ganin shi ya fi kashewa. Mutum biyu a cikinmu sun yi wata huɗu ba sa gaisawa kan kuɗin da bai kai na kati ba, abokai tun na makarantar allo. Tun daga nan muka sa doka: ma'aji ɗaya, komai aka saya ya rubuta nan take ya tura a zaurenmu na WhatsApp kowa ya gani. Abin da mutum ya saya don kansa, kamar tsaraba ko lemo, daga aljihunsa. Kuma tun kafin a fara zubi ake yanke abin da zai faru da kuɗin wanda ya fasa tafiya ana saura kwana biyu. Maganar tana da nauyi a baki, amma gara a yi ta ana dariya da a yi ta ana huci.

Yawan mutane shi ne sirrin araha. Mutum ɗaya ba zai iya ɗaukar shatar mota ba, amma shida ko bakwai za su cika Sharon su raba kuɗin, su tsaya inda suke so su yi salla su ci abinci. Ɗaki ɗaya mutum biyu ko uku, in masaukin ya yarda. Sai dai kada a wuce gona da iri. In kun haura takwas, kafin a gama jiran wanda ya shiga wanka da wanda ya tafi sayen kati rana ta take. Kuma a zaɓi mutanen da hali ya zo ɗaya. Mai son kwana har ƙarfe goma da mai son fita da asuba, tafiyarsu ba ta daɗi.

Lokacin tafiya ma kuɗi ne. Ana saura kwana biyu ko uku Sallah, ko ƙarshen Disamba, kowa ya san yadda tasha ke cika kuɗin mota ya ɗaga. In kana da hali ka tafi tsakiyar mako, ko mako biyu bayan biki, lokacin da direba ke neman fasinja, mai masauki kuma ɗakunansa babu kowa. A irin wannan lokaci in ka ce kwana uku za ku yi a yi muku ragi, da wuya a ƙi. Tambaya ba ta da kuɗi. Sai dai akwai tafiyar da bikin ne dalilinta, kamar Hawan Sallah, wanda na Kano ya shiga jerin al'adun da UNESCO ta amince da su a 2024, ko bikin kamun kifi na Argungu da ya faro tun 1934. Irin waɗannan sai ka tabbatar za a yi kafin ka kama hanya, domin an sha ɗage su, kuma ka nemi wurin kwana da wuri. Kowane wuri da lokacinsa: ruwan Gurara a jihar Neja da damina yake cika ya yi ban sha'awa, a lokacin kuma ya fi haɗari, kallo ake yi daga nesa ba a shiga. Jos da hunturu in ba ka tafi da rigar sanyi ba, kuɗin tsarabarka a gwanjo zai ƙare.

Sai masauki. Mu Hausawa muna da wata dukiya da ba mu ƙirga ta: zumunci. Da wuya ka rasa ɗan'uwa, ko abokin makaranta, ko wanda kuka yi bautar ƙasa tare a babban gari a Arewa. Da ɗan gari akan ci gari. Shi zai nuna maka inda ake sayar da masa mai kyau a Bauchi, ya gaya maka unguwar da ba a shiga da dare, ya hana a ninka maka kuɗin acaɓa. Amma sauka a gidan mutane yana da ladabi, musamman a wannan zamani da kowa ke auna shinkafarsa. Ka sanar tun da wuri, ka faɗi kwana nawa za ka yi, ka cika alkawari. Ka shiga da tsaraba, ko da kilishi ne ko ƙullin dabino. Kada ka kwaso mutum shida ka jibge wa magidanci mai ɗaki biyu. Baƙo raɓa ne, in ya daɗe ya zama wani abu daban.

Abinci kuwa, rabinsa daga gida ake tafiya da shi. Dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari, soyayyar gyaɗa, cincin, kayan shayi da fulas. Wannan ya ishe ku karin kumallo da abin taɓawa a hanya. Sau ɗaya a rana ku ci mai zafi, kuma ku ci inda 'yan gari ke layi, domin abincin da ake rububinsa ba ya kwana. Ruwan sha dai kada a yi masa rowa. Cikin da ya ɓaci a hanya yana cinye kuɗi da kwanakin hutun gaba ɗaya.

Akwai inda ba na yarda a nemi araha, wato tsaro. Dukkanmu mun san halin da wasu hanyoyinmu ke ciki. Kada ka yi tafiyar dare don ka tsira da kuɗin ɗaki. Ka shiga mota a cikin tasha inda ake rubuta sunan fasinja, ko da ta fi ta bakin titi tsada da ɗari biyar. Ka tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum da mutanen garin da za ka, a ranar da za ka tashi, domin labarin makon jiya ba ya aiki yau. Wurin da aka ce maka a dakata, ka dakata, dutse da ruwa ba sa gudu. Mai bin jirgin ƙasa tsakanin Rigasa da Idu ya sayi tikitinsa ta hanyar da hukuma ta tanada, ya riƙe katin shaidarsa, ya rabu da 'yan cuwa-cuwa. Mutum ɗaya a gida ya san motar da ka shiga da inda za ka kwana. Ka rage sanar da duniya inda kake a daidai lokacin da kake wurin. Hoton zai yi kyau ko bayan ka dawo ka ɗora shi. Ka riƙe ɗan tsabar kuɗi a wurare biyu a jikinka, domin akwai inda babu sabis balle taransifa, ka kuma cika fawa-banki kafin ka fita.

'Yan'uwana mata, ban manta da ku ba. Na san sau da yawa ku ake bari a gida a dawo muku da labari. Hanyar da na ga tana aiki ita ce a mayar da abin na dangi: yayye da ƙanne, 'ya'yan kawu da na gwaggo, a sa babba ɗaya a gaba. Iyaye sun fi sakin jiki in an zo musu da tsari a rubuce, ga inda za a, ga wanda zai ja tafiyar, ga ranar dawowa. Mu maza kuma mu ji kunya mu riƙa tuna ƙannenmu. Yarinyar da ta haddace labarin Bayajidda don jarrabawa ta cancanci ta leƙa rijiyar da idonta.

Wani abin da ke sa manya kallon hutu a matsayin yawon banza shi ne abin da wasunmu ke yi in sun bar gari. Mutum ya ga babu wanda ya san shi sai ya ajiye tarbiyyarsa a tasha. Wannan ne ke ɓata wa na baya. Addini ya sauƙaƙa wa matafiyi har da ƙasaru, saboda haka babu uzurin barin salla. Ka nemi izini kafin ka ɗauki mutane hoto. Kada ka rubuta sunanka a jikin ginin da ya shekara ɗaruruwa. Ledar da ka sha ruwa ka riƙe ta har ka sami inda ake zubarwa. In ɗan jagora ya zagaya da ku ya ba ku tarihi, ku sallame shi da daɗin rai, da wannan yake ci da iyalinsa.

Abokin nan namu na majalisa, mun ja shi mun hau Dala Asabar ɗin da ta biyo baya. Ya tsaya a sama yana haki, yana neman rufin gidansu a cikin dubban rufuna, ya kai minti goma bai ce komai ba. Da muka sauko shi ya fara tambayar nawa ne kuɗin motar Daura. Yanzu shi ne ma'ajinmu, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa ranar Juma'a.

Saboda haka kafin ka rufe wannan shafi, ka tura wa mutum huɗu ko biyar da ka yarda da su saƙo, ku sa rana, ku yanke abin da za ku iya zubawa. Ko dubu ɗaya ce a fara da ita. Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, Ya kuma zaunar mana da ƙasarmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.